Ƙagaggen Labarin Tarihi da Haƙƙin Matan da Ake Rubutawa a Kansu

A 1997 Ba'amurke Arthur Golden ya fitar da "Memoirs of a Geisha", labarin Sayuri, yarinyar da aka sayar zuwa unguwar Gion ta birnin Kyoto a Japan. Geisha mace ce da ta shafe shekaru tana koyon rawa da kiɗan shamisen da ladabin karɓar baƙi. Littafin ya buɗe da gabatarwar wani mai fassara wanda shi ma ƙirƙirarsa aka yi, don haka masu karatu da dama a Amurka da Turai suka ɗauka tarihin rayuwa ne na gaske. Abin da ya fi zama a ransu shi ne gwanjon budurcin yarinyar. Mineko Iwasaki, tsohuwar geisha da marubucin ya gode wa da suna, ta kai shi kotu a 2001, tana cewa ya karya alkawarin sakaya sunanta kuma ya ɓata sana'arta. Aka sasanta a 2003, bayan ta wallafa nata labarin a 2002. Sai dai zance ya riga ya fita, kuma zarar bunu ba ta komawa.

Mu ma a Nijar mun san irin wannan, ko da yake namu yabo ne ya yi yawa. Abdoulaye Mamani ya wallafa "Sarraounia" a 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa, wadda mutanenta suka kara da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Fespaco a 1987. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya sha gudun hijira da kurkuku, yana neman jarumar da za ta tsaya wa ƙasa, ya kuma samu. Amma manazarta irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun nuna tazarar da ke tsakanin mayaƙiyar littafi da sarautar Lugu, wadda muƙami ne na addinin Azna da mace ke riƙewa cikin keɓewa. Ɗalibin da ya karanta a Agye ko Gazawa, kusa da Maijirgi inda tafiyar waɗannan hafsoshi biyu ta ƙare a Yulin 1899, Sarauniyar Mamani ya fi sani. Ba na ganin laifinsa, don ita aka ba shi.

Abin da nake jayayya a kai shi ne cewar da ake yi wai ƙagaggen labari ba ya ɗaukar alhaki tunda ƙage ne. Idan marubuci ya ari sunan unguwa da shekara da muƙami na gaske, amanar mai karatu ya ara. Nauyin ya fi girma idan duniyar mata ce da ba a shiga, domin mai karatu ba shi da inda zai je ya gwada abin da aka faɗa masa.

A nan ne Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, ta shigo zancen. Tun da Gobirawa suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Inna ta Gobir na da matsayi a fada, ita ce shugabar 'yan bori, kamar yadda Iya take a Maraɗi. Muƙamai ne da suka haɗa sarauta da warkarwa da shugabancin mata, har da matan da ke zaman kansu. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa kalmar karuwanci ta ƙunshi yanayi iri-iri na macen da ba ta ƙarƙashin aure. Marubucin da ke neman kasuwa zai iya dunƙule duk wannan ya mai da shi labarin batsa da aljanu, kamar yadda aka yi wa Gion, masu karatu kuma su haɗiye.

Ina so a rubuta labarin Inna, kuma a rubuta shi da Hausa. Roƙona ga duk wanda zai ɗauki alƙalami shi ne ya je Tsibiri ya zauna da tsofaffin matan fada, ya cika alkawarin da ya yi musu, sannan ya bayyana wa mai karatu tun daga shafin farko abin da ya ji daga bakinsu da abin da ya ƙaga.