Ɗaukar hoto da wankinsa a ƙasar Damargu: daga akwatin katako zuwa wayar hannu

Gabatarwa

Makiyayan Nijar suna cikin mutanen Afirka da aka fi ɗauka hoto. Henry Brandt ya nuna Wodaɓe cikin fim ɗinsa Nomades du soleil a 1954, Carol Beckwith da Marion Van Offelen sun fitar da Nomads of Niger a 1983, Werner Herzog ya biyo da nasa fim a 1989. Duka waɗannan baƙi ne, kuma don idon baƙi suka yi aikinsu. A cikin wannan ɗan rubutu za mu juya ga ɗaya ɓangaren, wato mai hoton da ke aiki don kansa, yana bin kasuwa da buki, a yanki irin na Tanut, Belbeji da Tenhiya. Abin da muke son nunawa shi ne, tarihin wannan sana'a ya rataya ga tambaya guda: ina ake wanke fim, kuma wa ke riƙe da kilishe, wato uwar hoton da ake fitar da sauran daga gare ta?

1. Hoto ya shigo da bindiga

Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Damargu cikin watan Janairu 1851, shekara 12 ke nan da bayyana dabarar Daguerre a Faransa, amma da alƙalami ya zana abin da ya gani. A bakin teku kuwa ba a daɗe ba ƴan Afirka suka kama sana'ar: Augustus Washington ya sauka Laberiya a 1853, gidan Lutterodt ya kafu a Akara cikin shekarun 1870. A nan tsakiyar Sudan, sai ƙarshen ƙarni na 19 na'urar ta iso, a cikin kayan sojan mamaya. Ayarin Foureau da Lamy ya gangaro daga Agadas, ya bi ta Damargu, ya shiga Damagaram ranar 2 ga Nuwamba 1899. Ayarin Tilho ya biyo tsakanin 1906 da 1909 don shata iyaka. Hotunan wannan zamani an yi su ne don rahoto, littafi da katin wasiƙa. Wanda aka ɗauka bai biya ba, bai zaɓi tsayuwarsa ba, kuma da wuya ya ga sakamakon.

2. Zamanin akwati da ɗakin duhu

Abin da ya mayar da hoto sana'ar talaka shi ne takarda. Katin shaidar ɗan ƙasa, takardun lakkol, lasisin tuƙi da fasfo na aikin hajji duk suna neman ɗan ƙaramin hoto mai santimita 4 bisa 4. Mutumin Damargu mai zuwa cin rani Kano, ko mai neman aiki Libiya, ya san abin da rashin kati ke jawowa a shingen jandarma.

Na'urar da ta fi dacewa da ƙauye ita ce akwatin katako mai ƙafa uku. A cikinsa akwai ƴan kwanoni biyu, ɗaya na maganin fitar da sura, ɗaya na maganin tsayar da ita. Mai hoto ya buɗe ido na ɗan lokaci, ya zura hannu ta wani hannun riga baƙi, ya wanke takardar a ciki. Abin da ke fitowa juyayye ne, fari ya zama baƙi. Sai ya kafa shi gaban idon ya sake ɗauka, ya samu hoton gaskiya. Ba lantarki, ba jira sai na ƴan mintoci. Misalin da aka fi nazari a kansa shi ne Cornélius Augustt Azaglo na Korhogo, a Kodebuwa, wanda ya fara da irin wannan akwati, daga baya ya riƙa bin ƙauyukan Sanufo yana yi musu hoton kati.

A birane kuwa ɗakin hoto ne ya kafu: Seydou Keïta ya buɗe nasa a Bamako a 1948, Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano, ya sauka Yamai a 1959. Binciken Erika Nimis ya nuna irin rawar da Yarabawa suka taka wajen yaɗa sana'ar a Nijar da maƙwabtanta. Mai ɗaki shi ke ɗauka, shi ke wankewa, shi ke bugawa, shi ke ajiye kilishe don wanda zai dawo neman ƙari. Sirrin sana'ar yana cikin ɗakin duhu, sai an yi shekaru ana yaron gida kafin a samu shiga.

A nan yanayin ƙasa yana da magana. Maganin wankin fari-da-baƙi an tsara shi ne don ruwa mai zafin digiri 20, alhali a bazara inuwa kanta tana wuce 40. Ruwa mai ɗumi yana gaggauta maganin, yana kuma sassauta fatar fim, shi ya sa sanyin randa da aikin dare ko na asuba suka zama dabara. Bayan haka takarda tana son ɗauraya mai yawa, in ba haka ba ta yi ja bayan ƴan shekaru. A ƙasar da ake jan ruwa da raƙumi ko jaki daga rijiya mai zurfin gaba da yawa, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

3. Hoto mai kala: rabuwar ɗauka da wanki

Cikin shekarun 1980 injinan wankin hoto mai kala suka bazu a biranen Afirka ta Yamma, da yawansu a hannun ƴan Koriya ta Kudu. Tsarin C-41, wanda Kodak ya fitar a 1972, yana neman ruwan magani ya tsaya daidai kusa da digiri 38, abin da hannu da randa ba su iya tsarewa. Sai inji, lantarki da jari mai nauyi. Daga nan aikin ya rabu biyu: wanki ya koma ga mai labo, ɗauka ta zama ta duk wanda ya sayi ƙaramar kamara. Jean-François Werner ya bayyana yadda wannan ya karya masu ɗakuna a Kodebuwa, ya haifar da rundunar masu hoton yawo. Sana'ar Koudjina ma a wannan zamani ta ja baya.

Mu dubi abin da wannan tsari ke nufi ga mai hoton da ke nesa da birni. Tsakanin Tanut da Damagaram akwai wajen kilomita 150, Tenhiya kuma tana can cikin yankin kiwo. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma ba riba a kai shi wanki bai cika ba. Ke nan wanda aka ɗauka ranar salla sai ya jira a cike sauran a wani suna ko aure. Sannan a ba direba saƙo, ko mai hoton ya biya mota da kansa. Bai san abin da ya ɗauka ba sai ya buɗe ambulan. In zafi ya ɓata fim, buki ya riga ya watse. In kuma hoton ya yi kyau, mai shi yana iya kasancewa ya bi dabbobinsa wata rijiya. Dalili ke nan da ake karɓar wani abu tun kafin a danna, domin bashin hoto a kan mai hoto yake faɗawa.

Kuɗi ma sun yi tasiri. Fim, takarda da magani duk daga waje suke zuwa. Faɗuwar naira daga 1986 ta sa kayan Kano suka yi araha ga mai sefa, amma a Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100.

4. Ƙarshen fim

Wayar hannu ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, mai kamara ta biyo baya. AgfaPhoto ya durƙushe a 2005, Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Rajistar masu zaɓe da aka yi don zaɓen 2020 da na'ura ta ɗauki hoton kowa nan take. Wanda ya saura cikin sana'ar ya koma ga kamarar zamani, ƙaramin injin bugawa da bidiyon buki.

Kammalawa

Kowane zamani ya bar irin tasa shaida. Akwati ya bar hoto ɗaya tilo, manne da tsohon kati. Ɗakin duhu ya bar kilishe a tare wuri guda, abin da ya sa aka iya fito da aikin Keïta ga duniya a shekarun 1990, har aka kafa taron hoto na Bamako a 1994. Mai hoton yawo ba shi da ɗaki balle ma'aji. Aikinsa ya watse cikin akwatunan aure da bangon ɗakunan mata, inda gara, zafi da koɗewar kala ke cin sa. Alhali a cikin waɗannan hotuna ne ake ganin tufafi, kitso, rediyo, babur, da yadda iyali suka zauna kafin farin 1984 da bayansa.

Shawararmu ga ɗaliban da ke bincike a Damargu ita ce, su nemi tsoffin masu hoto da direbobin da suka yi jigilar fim, su ɗauki maganarsu. Su kwafi hotunan gidaje da izinin masu su, su bar asali a hannunsu. Su kwafi bayan hoton kamar yadda suka kwafi gabansa, domin a nan ake samun hatimin ɗaki, lambar labo, wani sa'in har da kwanan wata. Su kuma rubuta sunan wanda ke ciki, da wuri, da dalilin ɗauka, tun da sauran mai iya faɗa.