Yadda Kwan Lantarki Ya Koyi Jin Magana

A shekarar 1975, a garin Glenrothes na ƙasar Sikotilan, injiniyoyin wani ƙaramin kamfani mai suna Pico Electronics suka sa wata tambaya a gaba: yaya mutum zai kashe fitilar falo yana kwance a uwarɗaka, ba tare da an fasa bango an ja sabuwar waya ba? Kamfanin ya riga ya goge wajen ƙera ƙwaƙwalwar kalkuleta, wannan kuwa shi ne aikinsu na goma, shi ya sa suka raɗa masa suna X10. Daga nan zuwa 2022, lokacin da manyan kamfanonin fasaha suka amince da yare guda da kwan lantarki zai riƙa ji, shekara 47 ke nan cur. Saƙon da ake son isarwa kuwa bai taka kara ya karya ba: kama, mutu, rage haske, canza launi. Injiniyoyi ba su daɗe ba suka gano hanyar isar da shi. Abin da ya ci shekaru shi ne a daidaita kan wanda zai ɗauki saƙon, da yaren da za a faɗe shi.

Saƙo a cikin wayar wuta

Dabarar X10 ita ce ta mai da wayar wutar gida ɗan aike. Wutar da ke shigowa gida tana kai da komowa sau 50 ko 60 a daƙiƙa guda, kuma a kowane juyi akwai ɗan lokacin da ƙarfinta ke sauka zuwa sifiri. A daidai wannan shirun ne X10 ke cusa ɗan gajeren amo mai kilohaz 120, sai na'urar da ke ɗaya ɓangaren ta ƙirga inda aka ji amo da inda ba a ji ba, ta harhaɗa umarni.

Na'urar ɗan akwati ce da ake sokawa a soket, sannan a soka fitila a jikinta. A fuskarta akwai 'yan maɓallai biyu da ake murɗawa da bakin sukudireba: ɗaya na haruffa daga A zuwa P, shi ne sunan gida, ɗaya na lambobi daga 1 zuwa 16, shi ne sunan fitila. Adireshi 256 ke nan. A 1978 kantunan RadioShack da Sears na Amurka suka fara sayar da ita, ta kuwa samu karɓuwa saboda araha.

Amma ɗan aiken nan yana da nawa, kuma ba ya dawowa da amsa. Umarni guda kan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya, kuma in ƙarar wata na'ura a gidan ta danne shi, babu mai gaya maka bai isa ba. Maƙwabta biyu da ke kan taransifoma ɗaya, in aka yi rashin sa'a suka zaɓi harafi ɗaya, sai wannan ya danna maɓalli fitilar wancan ta kama.

Jujin da ya zama kasuwa

Sauyin da ya buɗe hanya ya fito ne daga ofishin gwamnati. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba kowa damar amfani da wasu zangunan rediyo guda uku ba tare da lasisi ba, muddin na'urar ba ta cika ƙarfi ba: na kusa da megahaz 900, da gigahaz 2.4, da gigahaz 5.8. Masu gidajen rediyo da kamfanonin tarho ba su yi gardama sosai ba, domin kallon juji suke yi wa waɗannan zanguna. A gigahaz 2.4 ne na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ke zubar da hayaniyarta. A kan wannan jujin aka gina kusan duk wata hanyar da kwan lantarki ke jin magana a yau.

Biyu da suka fara tasowa ba don fitila aka yi su ba. Wi-Fi, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1997, ya kuma bazu daga 1999, an yi shi ne don ɗaukar kaya masu nauyi tsakanin kwamfutoci, ga shi da shan wuta. Bluetooth kuwa ya faro ne a 1994 a kamfanin Ericsson da ke Lund ta ƙasar Suwidin, don a raba wayar hannu da igiyar abin sawa a kunne. An ara masa laƙabin Harald, sarkin Denmak na ƙarni na 10 wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Bluetooth ba ya nisa, ɗaki guda ko biyu. Aika saƙon "kama" ta Wi-Fi na wancan zamani tamkar ɗauko tirela ne don kai ƙwayar goro.

Saboda haka aka ƙirƙiro wasu biyu musamman don ƙananan saƙonni. A 1999 kamfanin Zensys na birnin Kofanhegan ya fito da Z-Wave, wanda ya guji cunkoson gigahaz 2.4 ya koma ƙasa: kusan megahaz 868 a Turai, 908 a Amurka. Ƙaramin zango ya fi ratsa bango, sai dai na'urar da aka saya a Amurka ba ta jin ta Turai, kuma tsarinsa na asali ba ya ɗaukar fiye da na'ura 232. A 2002 wasu kamfanoni suka kafa ƙungiyar Zigbee, suka kammala ƙa'idarta a Disambar 2004 a kan ma'aunin rediyo na IEEE 802.15.4. Gudunta kilobit 250 ne kacal a daƙiƙa, amma ƙaramin batir irin na agogo kan yi shekara ko fiye yana riƙe da na'urarta. Daga rawar da ƙudan zuma ke yi don nuna wa 'yan uwansa inda fure yake aka samo sunan.

Hikimar duka biyun ita ce miƙa-miƙa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin gini ya ga yadda leburori ke jera layi suna miƙa wa juna bulo har ya kai sama ya gane ta. Kwan da ke zaure ba sai ya yi ihu har ƙuryar gida ba. Zai raɗa wa na tsakar gida, shi kuma ya miƙa wa na baranda. In ɗaya ya mutu, saƙon ya nemi wata hanya. A irin wannan tsari, yawan fitilu ƙarfi ne.

Sai da kwan kansa ya canza

Duk da haka, shekaru suka wuce rediyon yana zaune a makunnin bango ko a soket, bai shiga cikin kwan ba. Dalilin a fili yake: tsohon kwai mai zare yana zafi kamar garwashi, kuma bayan awa 1,000 ko makamancin haka ya ƙone. Wa zai sa rediyo mai tsada a cikin abin da za a jefar bayan 'yan watanni?

Masana uku 'yan Japan suka warware wannan ƙulli ba da niyya ba. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, su ne suka samar da LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗi aka samu fari. Kwan LED ba ya zafi irin na da, yana yin dubban awanni, kuma da ma akwai ɗan allon lantarki a gindinsa da ke sarrafa wuta. Wurin zaman rediyo ya samu.

A 2012 hanyoyi biyu suka bayyana kusan lokaci guda. A watan Satumba wani ɗan Ostireliya, Phil Bosua, ya nemi tallafin jama'a a Kickstarter don kwan LIFX mai Wi-Fi a cikinsa, ya tara dala miliyan 1.3 cikin kwana 6. A Oktoba kamfanin Philips na Holan ya fito da Hue, ana sayar da shi a kantunan Apple kaɗai: ƙwai uku da ɗan akwatin da suka kira gada, a kan dala 199. Gadar tafinta ce. Tana jin yaren intanet daga waya, ta fassara wa ƙwai da Zigbee, kuma tana riƙe kusan ƙwai 50. Tun daga nan mai saye yake tsakanin zaɓi biyu: ya biya kuɗin gada ya samu tsari mai ɗorewa, ko ya tsallake ta ya ɗora wa rautar Wi-Fi ta gidansa nauyin kowane kwai.

Araha ce ta rinjayar da kasuwa wajen Wi-Fi. A 2014 kamfanin Espressif na Shangai ya fito da 'yar ƙwaƙwalwar ESP8266, wadda ta karya farashin sa Wi-Fi a ƙananan kaya. A shekarar ce kuma aka kafa Tuya a Hangzhou, mai ba ɗaruruwan masana'antu manhaja guda su liƙa sunansu a kai. Wanda ya taɓa sayen irin wannan kwai ya san al'adar haɗa shi: ka kunna makunni ka kashe sau uku har kwan ya fara ƙyafta ido da sauri, ka rubuta lambar sirrin Wi-Fi a waya, ka zuba wa da'irar da ke juyawa ido. In ta ƙi, sau da yawa dalilin shi ne wayarka tana kan gigahaz 5, kwan kuwa 2.4 kaɗai yake ji.

Bluetooth ma ya biyo baya. A 2010 aka fito da nau'insa marar shan batir, wanda ya samo asali daga wani aikin Nokia mai suna Wibree, a 2017 kuma aka koya masa miƙa-miƙa. A 2019 Hue ta sa shi a ƙwanta, ta yadda mai ɗaki guda zai sarrafa har ƙwai 10 daga waya ba tare da gada ba.

Kowa da yarensa

A 2014 manyan giwaye suka shigo fili. Google ya sayi kamfanin Nest a kan dala biliyan 3.2, Apple ya sanar da HomeKit, Amazon ya fito da Echo mai jin murya. Kowanne ya zagaye gonarsa da shinge. Mutum zai sayi kwai ya kai gida, sannan ya gano ba ya shiri da sifikar da ke falonsa. Wasu wayoyin suka cika da manhaja huɗu ko biyar, duk don fitilun gida ɗaya.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan ciwo. Yawancin ƙwai masu Wi-Fi sai saƙo ya tafi manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa ya dawo, kafin fitilar da ke bisa kanka ta kama. In kamfanin ya rufe, fitila ta kurumce. A Mayun 2016 Nest ya kashe na'urar Revolv da mutane suka saya da kuɗinsu. A Afrilun 2022 kwamfutocin kamfanin Insteon suka ɗauke ba sallama, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka sayi kamfanin kafin abin ya dawo. Tsaro ma ya zama abin magana: a 2016 masu bincike daga Cibiyar Weizmann ta Isra'ila da Jami'ar Dalhousie ta Kanada suka tashi ɗan jirgi marar matuƙi kusa da wani bene a Biyasheba suka ƙwace ikon fitilun Hue masu Zigbee da ke ciki daga waje. Philips ya toshe wannan ƙofa, amma an fahimci cewa kwan da ke jin magana yana iya jin ta ɓarawo.

Gajiyar masu saye ce ta zaunar da giwayen a tabarma ɗaya. A Disambar 2019 Amazon da Apple da Google da ƙungiyar Zigbee suka sanar da aikin haɗin gwiwa. A Mayun 2021 aka sa masa suna Matter, ƙungiyar kuma ta koma Connectivity Standards Alliance, sannan a Oktobar 2022 aka fitar da kashin farko. Matter yare ne, ba sabon rediyo ba. Yana hawa kan Wi-Fi, ko wayar intanet, ko Thread, wanda aka ƙaddamar a 2014 yana amfani da rediyo iri ɗaya da Zigbee amma yana ba kowane kwai adireshin intanet nasa. Bluetooth kuma aikinsa gabatarwa: ka haska lambar da ke jikin kwali da waya, ya haɗa kwan da gidan, ya koma gefe. Muhimmin abu shi ne umarni yana zagayawa a cikin gida, ko da intanet ya ɗauke. Zigbee da Z-Wave ba su mutu ba. Miliyoyin kayansu na nan suna aiki, gadoji suna yi musu tafinta.

Makunnin bango

Abu ɗaya ne duk waɗannan shekaru ba su kawar ba. Kwai mai rediyo yana buƙatar wuta ko da a kashe yake, domin kunnensa ya zauna a buɗe. Baƙo ya shigo, ya kai hannu bango kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya danna makunni, shi ke nan: waya ba ta ganin kwan, kuma in shi ne ke miƙa saƙo ga na gaba, layin ya yanke har sai an sami wata hanya. Mazaunin Kano ko Maraɗi ya fi injiniyan Holan sanin ɗaya fuskar matsalar. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita ƙarfe biyu na dare, ƙwai da yawa kan tashi da cikakken haske su tashi gida duka, domin ba su bambanta dawowar wuta da hannun mai gida. Sai a ƙarshen 2018 Hue ta ba mutane zaɓin abin da kwan zai yi in wuta ta dawo.

Maganin da masana'antar ta samo shi ne ta koma inda aka fito. Kamfanin EnOcean na Jamus, wanda ya ɓalle daga Siemens a 2001, ya ƙera makunnin da ba shi da waya ba shi da batir: ƙarfin yatsan da ya danna shi ne ke haifar da 'yar wutar da za ta aika saƙon. A 2014 Philips ya fito da irinsa don Hue. Ana manna shi a bango da gam, daidai inda hannu ya saba zuwa. Kaka ta shigo ɗaki a duhu, ta lalubi bango, ta danna, fitila ta kama. Ba ta san cewa babu waya ko ɗaya a bayan abin da ta taɓa ba, kuma babu dalilin da zai sa ta sani.