Juriyar injinan iska ga guguwa

Juriyar injinan iska ga guguwa ita ce yadda injinan da ke samar da wutar lantarki ta hanyar iska suke iya tsayuwa a lokacin iska mai ƙarfi, tsawa, guguwar teku da guguwa mai juyawa wadda ake kira tonado. Akan kafa waɗannan injina a wuraren da iska ta fi kaɗawa, kamar filayen tsakiyar Amurka da gaɓar tekun Sin da Japan, kuma a nan ne guguwa ta fi yawa. Injinan zamani suna tsira daga mafi yawan guguwa saboda an ƙera su ne su kauce wa iska idan ta yi yawa. Sukan faɗi idan ƙarfin iskar ya zarce abin da aka tsara musu, ko kuma idan na'urorin da ke sarrafa su suka daina aiki.

Yadda inji ke kare kansa

Babban injin iska yana da sassa uku: doguwar hasumiya ta ƙarfe, ɗakin da ke samanta mai ɗauke da janareta, da fuka-fukai, yawanci guda uku. Yakan fara ba da wuta idan gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, ya kai cikakken ƙarfinsa a wajen mita 12 zuwa 14. Idan iska ta kai kimanin mita 25 a daƙiƙa, wato kilomita 90 a awa, yawancin injina sukan kashe kansu.

A saman ɗakin janareta akwai na'urorin auna gudun iska da inda ta fito, waɗanda ke aika bayani ga kwamfutar injin. Idan iska ta yi yawa, kwamfutar takan murɗa kowane fiffike har gefensa na gaba ya fuskanci iska, sai iskar ta wuce ba tare da ta tura shi sosai ba. Wasu motoci kuma suna juya ɗakin gaba ɗaya ya riƙa kallon inda iskar take fitowa. Akwai birki, amma murɗa fuka-fukan ne babbar kariya. Dalili shi ne ƙarfin da iska ke yi wa abu yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudunta ya ninka sau biyu, don haka rage faɗin da iska ke duka ya fi ƙara kaurin ƙarfe amfani.

Saboda tsayinsu, tsawa na yawan faɗa wa injinan. Shi ya sa ake dasa ƙarafa a jikin fuka-fukan, a haɗa su da waya mai kai wutar tsawar ƙasa ta cikin hasumiya.

Ma'aunin ƙira

Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61400-1 ta kasa injinan iska aji-aji, bisa iska mafi ƙarfi da ake sa ran za ta zo sau ɗaya a shekara 50. Aji na ɗaya zai jure iskar da matsakaicin gudunta a minti goma ya kai mita 50 a daƙiƙa, da bugun iska na daƙiƙa uku mai mita 70 a daƙiƙa, wato kilomita 252 a awa. Aji na biyu an tsara shi kan mita 42.5, na uku kuma kan mita 37.5. A bugun ƙa'idar na 2019 an ƙara ajin T mai mita 57 a daƙiƙa domin yankunan da guguwar teku ke addaba.

Guguwar tonado

Ana samun tonado kusan 1,200 a Amurka kowace shekara, kuma jihohin da suka fi samar da lantarki ta iska, irin su Texas, Iowa, Oklahoma da Kansas, suna cikin yankin da take yawan afkawa. Ana auna ta da ma'aunin EF, daga EF0 zuwa EF5. Mafi yawansu EF0 ne ko EF1, waɗanda gudunsu bai kai kilomita 180 a awa ba, kuma injin da ya kashe kansa yana iya jure su. EF4 kuwa tana farawa ne daga kimanin kilomita 267 a awa, wato ta haura iyakar aji na ɗaya.

Ban da gudu, tonado tana sauya alkibla cikin daƙiƙoƙi, alhali ɗakin inji a hankali yake juyawa. Iskar takan daki fuka-fukan ta gefe, ta kuma jefe su da tarkacen gidaje da itatuwa. Sai dai hanyar da take bi siririya ce, kuma akan bar ɗaruruwan mitoci tsakanin inji da inji, don haka ɓarnar takan tsaya kan 'yan kaɗan.

A ranar 21 ga Mayu, 2024, tonado mai matakin EF4 ta ratsa kudu maso yammacin Iowa har ta shiga garin Greenfield, inda na'urar rada ta masu bincike ta auna gudun da ya wuce kilomita 480 a awa. Ta lanƙwasa hasumiyoyin injina da dama, wasu suka kama da wuta, amma sauran injinan da ba ta bi ta kansu ba suna tsaye.

Guguwar teku

Guguwar teku tana mamaye yanki mai faɗi na tsawon sa'o'i, kuma takan katse layukan wuta. Wannan haɗari ne, domin motocin da ke juya inji suna bukatar wuta. A Satumban 2003 guguwar Maemi ta afka wa tsibirin Miyakojima na Japan da bugun iska mai mita 74.1 a daƙiƙa. Injina uku suka faɗi, wasu kuma suka lalace. A Satumban 2013 guguwar Usagi ta kayar da hasumiyoyi takwas daga cikin 25 a tashar Honghaiwan da ke lardin Guangdong na ƙasar Sin.

Guguwar Maria ta Satumban 2017 ta nuna muhimmancin wurin da aka kafa tasha. A Puerto Rico ta farfasa fuka-fukan tashar Punta Lima da ke gabashin tsibirin, kusa da inda ta sauka, yayin da tashar Santa Isabel da ke kudu ta tsira da ƙaramar ɓarna.

Gazawar na'urori

Iskar da ba ta kai iyakar ƙira ba ma tana iya hallaka inji idan birki ko na'urar murɗa fuka-fukai ta lalace. A Fabrairun 2008, wani inji kusa da Hornslet a Denmark ya yi ta juyawa ba kama hannun yaro a cikin iska mai ƙarfi, har fuka-fukansa suka tarwatse hasumiyar ta karye. A Disamban 2011 wani inji ya kama da wuta a Ardrossan ta Scotland a lokacin wata babbar guguwa.

Matakan ƙara juriya

Bayan irin waɗannan asarori, kamfanoni sun riƙa sa batura ko janaretocin dizal domin inji ya ci gaba da juyawa ko da wuta ta ɗauke, tare da ƙarfafa hasumiya da harsashin kankare. Wata dabarar ita ce ta kamfanin Vergnet na Faransa, mai ƙera ƙananan injina masu fuka-fukai biyu da ake iya kwantar da su ƙasa a ɗaure kafin guguwa ta iso. Ana amfani da su a tsibirai kamar Guadeloupe da Fiji. Irinsu ne guda 37, kowanne mai kilowat 275, aka kafa a tashar Lambar Rimi ta Jihar Katsina mai ƙarfin megawat 10.

Ba a ƙera injina domin su jure tonado mafi tsanani, saboda kuɗin yin hakan ya fi asarar da ake tsammani. Masu tashoshi sukan dogara da inshora, da kuma barin tazara tsakanin injina da gidaje ko hanyoyi, domin idan inji ya faɗi kada ya shafi mutane.