Littattafan bincike a kan yankin Funtua da Malumfashi

Yankin Funtua da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, yana daga cikin yankunan karkarar ƙasar Hausa da masana suka yi rubutu mai yawa a kansu tun daga shekarun 1970. Rubuce-rubucen sun fi karkata ga abubuwa uku: noma da tattalin arzikin ƙauye, lafiya da magani, sai kuma shari'a. Ɗaliban jami'a, lauyoyi da ma'aikatan raya karkara suna komawa gare su a matsayin madogara. Biyu daga cikinsu sun shafi yankin kai tsaye fiye da sauran, wato littafin Paul Clough na 2014 a kan ƙauyen Marmara, da mujalladi na biyar na kundin Philip Ostien na 2007, wanda ya ƙunshi bayanan shari'ar da aka yi a kotunan Bakori, Funtua da Katsina.

Yankin

Yankin ya ƙunshi ƙananan hukumomi irin su Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Ɗandume, Faskari da Ƙanƙara. Ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma an san shi da noman auduga, masara da dawa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, abin da ya ƙarfafa cinikin auduga a garin. A tsarin masarauta, Galadiman Katsina shi ne hakimin Malumfashi, Sarkin Maska kuma hakimin Funtua. Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, yankin yana cikin Jihar Kaduna, shi ya sa littattafan da aka rubuta kafin wannan lokaci suke ambatonsa da sunan Kaduna. Kusancinsa da Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya sauƙaƙa wa masu bincike zuwa da komawa.

Tarihi da share fage

Don sanin tarihin sarauta da siyasar yankin, an fi komawa ga littafin Yusufu Bala Usman, The Transformation of Katsina, 1400–1883, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981. An haifi marubucin a Musawa a 1945, ya rasu a 2005. Littafin ya bi diddigin yadda tsarin sarauta ya kafu a ƙasar Katsina da yadda jihadi ya sauya shi.

Akwai wasu littattafai biyu da aka yi bincikensu a arewacin Katsina, amma masu nazarin kudanci suna kwatanta sakamakonsu da su. Na farko shi ne Rural Hausa: A Village and a Setting na Polly Hill, wanda ya fito a 1972 a kan Batagarawa. Wani babban sashe na littafin sharhi ne da aka jera bisa tsarin abacada, inda aka yi bayanin kalmomin noma da ciniki na Hausa, don haka ana amfani da shi tamkar ƙamus. Na biyu shi ne Silent Violence na Michael Watts, wanda ya fito a 1983 a kan yunwa da ƙarancin abinci, kuma an yi wani ɓangare na bincikensa a Kaita.

Aikin Raya Noma na Funtua

Daga 1975 zuwa 1980 an gudanar da Aikin Raya Noma na Funtua da rancen Bankin Duniya. Yana cikin ayyuka uku na gwaji, sauran biyun su ne na Gusau da na Gombe. An yi hanyoyin karkara da madatsun ruwa, aka buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, aka kuma tura malaman gona ƙauyuka. Daga baya aka faɗaɗa wannan tsari zuwa sauran jihohin Najeriya.

Aikin ya jawo muhawara mai zafi a tsakanin masana. Masu yabo sun nuna yadda noman masara da amfani da takin zamani suka bunƙasa. Masu suka kuwa sun ce manyan manoma da masu ido da kwalli ne suka fi cin moriyar taki mai rangwame da sauran tallafin. Littafin State, Oil, and Agriculture in Nigeria, wanda Michael Watts ya tace a 1987, ya ƙunshi babi da Paul Clough da Gavin Williams suka rubuta a kan manufofin Bankin Duniya a karkarar arewacin Najeriya.

Littafin Paul Clough a kan Marmara

Paul Clough masanin halayyar al'umma ne wanda ya koyar a Jami'ar Malta, ya rasu a 2019. Littafinsa mai suna Morality and Economic Growth in Rural West Africa: Indigenous Accumulation in Hausaland ya fito daga kamfanin Berghahn a 2014. Ya yi bincikensa a Marmara, wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, daga 1977 zuwa 1979 lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, sannan ya koma a 1985, 1996 da 1998 lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya ja da baya. Wannan tsawon lokaci ya ba shi damar ganin yadda arzikin gidajen ƙauyen ya hau ko ya sauka a cikin shekara ashirin.

Littafin ya yi bayani dalla-dalla a kan hanyoyin samun gona, kamar gado, saye, aro da jingina, da tsarin gandu tsakanin uba da 'ya'yansa, da ƙwadago, da bashi, da fataucin hatsi tsakanin kasuwannin ƙauye. Babbar tambayarsa ita ce: idan manomi ya samu dukiya, ina take zuwa?

Wasu masana sun yi hasashen cewa shigar kuɗi da taki cikin karkara zai raba manoma gida biyu, 'yan tsiraru masu manyan gonaki da ɗimbin 'yan ƙwadago marasa gona. Clough ya ce abin da ya gani a Marmara bai bi wannan hanya ba. Mai dukiya yakan ƙara aure, ya faɗaɗa gida, ya aurar da 'ya'ya, ya riƙe barori, ya kuma tallafa wa abokan ciniki da jari. Idan ya rasu, gonakinsa sukan rabu tsakanin magada masu yawa. Ta haka tara dukiya yana tafiya tare da karɓar sababbin dabarun noma, amma kuma yana taƙaita girman tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi. Clough ya danganta wannan da ɗabi'ar ɗaukar nauyi, wadda mutanen ƙauyen suke kira hidima. A ganinsa wannan wata hanya ce ta tara dukiya da ta bambanta da jari-hujja.

Lafiya da magani

A shekarun 1970 an kafa wani aikin binciken cututtuka a Malumfashi, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool. An buga sakamakonsa a jerin maƙaloli da suka shafi tsargiya, zazzaɓin cizon sauro, saran maciji da ƙididdigar jama'a.

Murray Last, marubucin The Sokoto Caliphate na 1967, ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970. A wata maƙala da ya buga a 1981 ya nuna cewa marasa lafiya da dama ba su damu da sanin tsarin da ke bayan maganin da suke sha ba, sukan gwada na asibiti, na malamai da na gargajiya gwargwadon hali. L. Lewis Wall shi ma ya buga Hausa Medicine a 1988, inda ya yi nazarin ma'anar kalmar lafiya da yadda Hausawan karkara suke rarraba cututtuka.

Shari'a: kundin Ostien

Bayan Jihar Zamfara ta ƙaddamar da dokokin laifuka na Shari'ar Musulunci a farkon 2000, wasu jihohin arewa goma sha ɗaya suka bi wannan tafarki ta hanyoyi daban-daban, ciki har da Katsina. Philip Ostien, wanda ya koyar da aikin lauya a Jami'ar Jos, ya tattara takardun wannan zamani a kundi mai mujalladi biyar, Sharia Implementation in Northern Nigeria 1999–2006: A Sourcebook, wanda kamfanin Spectrum na Ibadan ya buga a 2007. Mujalladi na ɗaya ya shafi tarihi, musamman gyaran dokoki na 1958 zuwa 1962. Na biyu ya ƙunshi rahotannin kwamitocin aiwatar da Shari'a. Na uku ya tattara dokokin tsaftace al'umma, kamar na giya da caca. Na huɗu ya kawo dokokin laifuka da na tsarin shari'a, tare da nuna inda jihohi suka bambanta. Na biyar ya ƙunshi shari'o'i biyu da suka shahara, ta Safiyatu Hussaini a Sakkwato da ta Amina Lawal a Katsina.

Shari'ar Amina Lawal, 'yar ƙauyen Kurami, ta fara ne a kotun Shari'ar Musulunci ta Bakori, wadda ta yanke mata hukuncin rajamu a watan Maris 2002 bisa tuhumar zina. Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta Funtua ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta 2002. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina ta soke shi da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Daga cikin dalilan akwai cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a kotun farko saɓanin yadda dokar jiha ta tanada, da cewa wanda ya yi iƙirari yana da damar janyewa, da kuma mas'alar kwantaccen ciki a mazhabar Malikiyya, wadda ta sa ana iya jingina cikin matar da aka saka ga tsohon mijinta ko da an jima da rabuwa.

Muhimmancin mujalladi na biyar shi ne ya kawo bayanan zaman kotunan, waɗanda aka fassara daga Hausa zuwa Turanci, tare da bayanin da lauya Aliyu Musa Yawuri ya yi a kan yadda aka kāre matan biyu. Mai karatu zai ga cewa an kafa hujjojin ɗaukaka ƙarar ne daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokokin jihar. Wasu littattafan da suka tattauna wannan shari'a sun haɗa da Islamic Criminal Law in Northern Nigeria na Gunnar Weimann na 2010, Practicing Shariah Law na lauya Hauwa Ibrahim na 2012, da Shari'ah on Trial na Sarah Eltantawi na 2017.

Harshe da samun littattafan

Dukkan littattafan da aka ambata da Turanci aka rubuta su, kuma mafi yawansu a Ingila da Amurka aka buga, duk da cewa da Hausa aka yi hirarrakin ƙauye da zaman kotu da suka dogara a kansu. Wannan yana haifar da matsalar fassara. Kalmomi irin su gandu, bara, biki da hidima ba su da takwarori na kai tsaye a Turanci, don haka marubutan sukan bar su a Hausa su biyo da bayani. Mai karatu Bahaushe yana da damar auna ko bayanin ya dace da yadda ake amfani da kalmar a yankinsa, domin ma'ana takan ɗan sauya daga wannan karin harshe zuwa wancan, da kuma daga zamani zuwa zamani. Littafin Bala Usman da kundin Ostien a Najeriya aka buga su, kuma an sanya kundin Ostien a intanet kyauta.

Akwai kuma batun zamani. Binciken ƙarshe na Clough a Marmara na 1998 ne, kundin Ostien kuma ya tsaya a 2006. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da Ɗandume ta biyo baya, har da sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020. Ana samun bayani a kan wannan a rahotanni, kamar wanda ƙungiyar International Crisis Group ta fitar a watan Mayu 2020 a kan rikicin arewa maso yamma. Masu nazarin halin da noma yake ciki a yau suna amfani da tsofaffin littattafan a matsayin ma'auni na yadda rayuwar ƙauyukan take kafin rikicin.