Ƙwayar Tsokar Zuciya da Taurin Shimfiɗarta: Tarihin Wata Tambaya



Mai tuƙin tuwo ba ta neman ma'auni kafin ta san tuwonta ya yi tauri. Takan ja muciya, ta ji yadda tuwon ya tirje mata, shi ke nan ta gane. Batun da zan gabatar muku shi ne, ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi tsokar zuciya su ma haka suke yi: suna jan naman da ke kewaye da su don su ji taurinsa, sa'an nan su daidaita aikinsu bisa ga abin da suka ji. Amma an daɗe ƙwarai kafin masana su yarda da haka.

Tun cikin 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa zuciya famfo ce mai zagaya da jini cikin jiki. Bayansa da ƙarnoni, Otto Frank na Jamus a 1895, da zuciyar kwaɗo, da Ernest Starling na Landan a 1914, da zuciyar kare, suka nuna cewa gwargwadon yadda jini ya cika zuciya ya miƙar da tsokarta, gwargwadon ƙarfin bugun da za ta yi. Wato dai tsokar tana jin ana janta. Da an bi wannan sawu, da ba a daɗe ba an tambaya ko tana jin tauri ma.

Ba a bi ba. Cikin ƙarni na 20 hankalin masana ya koma kan sinadarai, aka ɗauka cewa ƙwayar halitta ba ta karɓar umarni sai daga abin da ya narke cikin ruwan da take ciki. Aka yi ta rainon ƙwayoyi a farantan gilashi da na filastik, waɗanda suka fi naman zuciya tauri fiye da sau 100,000. A ganina wannan shi ne babban kuskuren zamanin: an kwantar da mai barci a kan dutse, ana mamakin juye-juyensa, ba wanda ya dubi shimfiɗar.

Albert Harris na Amurka ne ya fara tada batun a 1980. Ya ɗora ƙwayoyi a kan wata fatar roba mai tsananin sirantaka, sai ya ga robar ta yamutse a ƙarƙashinsu. Ashe ja suke yi. A 1997 Robert Pelham da Yu-li Wang suka haɗa wata shimfiɗa mai kama da daskararren koko, wadda ake iya ƙara mata tauri ko laushi ba tare da an canja sinadarin samanta ba. Da haka aka ware tauri shi kaɗai, aka ga ƙwaya takan baje ta kafu a kan mai tauri, ta yi sako-sako a kan mai laushi.

A nan ne nake so ɗalibai su kasa kunne, domin aikin da ya kai wannan tambaya ga zuciya, daga binciken neman digirin dakta ya tsiro. A lokacin, Adam Engler ɗalibi ne a ƙarƙashin Farfesa Dennis Discher a Jami'ar Fensilbaniya. A 2006 suka buga sakamakon da ya girgiza masana: ƙwayoyin asali na ɓargo, waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, sukan ɗauki kamannin ƙwayar jijiya a shimfiɗa mai laushin ƙwaƙwalwa, na tsoka a mai matsakaicin tauri, na ƙashi kuwa a mai tauri sosai. A 2008 suka gwada ƙwayoyin zuciyar ɗan tayin salwa. A shimfiɗar da ta yi daidai da lafiyayyar zuciya, wato wajen kilofaskal 11 zuwa 17 a ma'aunin tauri, bugu ya ɗore. A mai laushi ƙwarai suna bugu amma ba aikin kirki, tamkar mai daka a turmin da babu hatsi. A mai taurin tabo kuwa, suka yi ta wahalar da kansu har bugun ya tsaya.

Maganar tabo ita ce inda abin ya shafi majiyyaci. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, tsokar wurin takan mutu, jiki kuma ba ya iya mayar da ita sai ɗan abin da ba a rasa ba. Yakan cike gurbin da tabo mai taurin da ya ninka na lafiyayyen nama sau da dama. Hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba, wanda ya cika asibitocinmu, shi ma yana taurara bangon zuciya sannu a hankali. Ƙwayoyin da suka rage da rai dole su ci gaba da bugu wajen sau 100,000 kowace rana a kan shimfiɗar da ta sauya musu.

Saura tambayar da me ƙwayar ke jin taurin. Tana da ƙugiyoyi a fatarta da ake kira intagirin, masu riƙe naman waje. Daga ciki kuma wani furotin mai suna talin ya ɗaure su da zaruruwan da ke yin ja. A 2009 aka nuna a Jami'ar Kolombiya cewa idan aka ja talin yakan warware kamar naɗaɗɗen rawani, ya buɗe wuraren da wani furotin, binkulin, ke kamawa ya ƙarfafa ɗaurin. Matsalar zuciya dabam ce, tun da ita kullum cikin ja da saki take, ya kamata hayaniyar bugunta ta rufe wannan saƙo. A 2018 ƙungiyar Thomas Iskratsch a Jami'ar Queen Mary ta Landan ta ba da amsa: ƙwayar tana haɗa ja iri biyu, na bugu mai sauri da wani na dabam mai ɗorewa. A shimfiɗa mai taurin lafiyayyar zuciya talin yakan miƙe ya koma tare da kowane bugu. A mai taurin tabo kuwa, yakan zauna a miƙe ba hutu.