Ijaza da Satifiket: Takardun Shaida a Matsayin Tarihi

A Amurka akwai masu tara tsofaffin takardun digiri kamar yadda ake tara tsofaffin kuɗi. Jami'ar Harvard, wadda aka kafa a 1636, ta yaye ɗalibanta na farko, su tara, a 1642, kuma da Latin take rubuta shaidarta har zuwa 1961. Masana can suna karanta irin waɗannan takardu don sanin wanda ya yi karatu da wanda ya sa masa hannu. To, ƙasar Kano ma tana da nata, sai dai ba a faye kallonsu da wannan ido ba.

Takardar shaidar malaman ƙasar Hausa ita ce ijaza, watau izinin da malami kan rubuta wa almajirinsa cewa ya karanta littafi kaza a gabansa, ya kuma yarje masa ya karantar. Ba ta ɗauke da hatimin wata makaranta. Abin da take ɗauke da shi sunaye ne: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a tuƙe ga mawallafin littafin. Wannan salsala ita ce darajarta ga mai tarihi. Malam Jibrin ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala Zabidi, wanda ya rasu a 1791. Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa littafi guda ya rubuta a 1812, Ida'un Nusukhi, don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu.

Na manya ke nan, kuma an san su. Waɗanda aka manta su ne na karkara. A ƙasashen Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, malami manomi ne da damina. Sai an kai amfanin gona rumbu ake fita cin rani neman karatu, Birni ko Zariya ko gabas. Ijazar da ya komo da ita cikin gafaka tana nuna hanyar da ilmi ya biyo ya shigo ƙauyensa, labarin da tarihin sarakunan Kano bai tsaya a kansa ba. Takardar kanta shaida ce. In aka ɗaga ta ga haske aka ga alamar jinjirin wata uku, to, ta arewacin Italiya ce, irin wadda fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus. Da haka ake kirdadon zamanin rubutun da ba shi da kwanan wata.

Da zuwan Turawa sai satifiket ya shigo, wanda makaranta ce ke yin shaida a cikinsa. Kwalejin Katsina, da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta yaye Ahmadu Bello a 1931 da Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933. Ɗalibanta kaɗan ne, saboda haka takardunta ma ba su da yawa.

Amma satifiket yana da rajista a ofis. Ijazar ƙauye sau da yawa kwafi ɗaya ce tak, ga gara, ga yoyon soro, ga rabon gado da kan watsa littattafan malami gida-gida. Gidan Arewa da ke Kaduna da Jami'ar Bayero suna ajiye rubuce-rubucen hannu, amma wadda ke cikin adaka a Kunchi ko Makoɗa sai magada sun yarda an ɗauki hotonta.