Me Ya Sa Rediyo Ya Fi Daɗin Ji A Ɗakin Ƙasa?

Ka sayi manyan sifiku, ka haɗa da wayarka ta Bluetooth, amma sai rugugi kake ji, kalmomin waƙa ba sa fita? Kafin ka koma wa mai shago da faɗa, dubi ɗakin naka tukuna.

Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, har ruwa ya riƙa bin kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, yawancin ɗakunan yankin na ƙasa ne. Bango ba santsi, rufi na azara ko ciyawa, ga tabarma da tarin kaya. Irin wannan ɗaki yana shanye wani sautin, ya warwatsa saura, shi ya sa ɗan ƙaramin rediyo ke fita tas. Da kuɗin shinkafa, alkama da tumatir suka shigo, sai aka koma bulo da filasta, daga baya tayil. Ɗaki ya yi kyau kam, amma sauti ya koma dukan bango yana dawowa.

Matsalar tsohuwa ce. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin fiziks, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca inda kalma ɗaya ke yin sama da daƙiƙa 5 tana yawo kafin ta mutu. Cikin dare yake kwaso kushin daga wani zauren wasanni na jami'ar, ya jera, ya busa sauti, ya auna da agogo. A haka ya gano ƙa'idar: girman ɗaki yana tsawaita amsa-kuwwa, kaya masu laushi suna gajarta ta. Da lissafinsa aka tsara Symphony Hall na Boston da aka buɗe a 1900.

To kai ma gwada: tsaya tsakiyar ɗaki ka yi tafi ɗaya. In ka ji ƙarar ta ja, shimfiɗa kafet tsakaninka da sifiku, ka rataya labule mai kauri. Janye sifikun daga kusurwa, don nan ne bes ke kumbura, ka sa su daidai tsayin kunnenka in kana zaune. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa, amfaninsa kaɗan ne, ga haɗarin gobara. Katifar da ka jingine a bangon bayanka ta fi shi aiki.